Tsohuwar Browning ɗin aminin mahaifina: nawa ya kamata in biya?

Tambaya

Assalamu alaikum. Aminin mahaifina ya rasu bara, ya bar bindigar farauta da na taso ina gani a kafaɗarsa duk lokacin da suka fita daji da Baba. Browning ce mai ɗura wa kanta harsashi, mai doro a baya, geji 12 (awon faɗin ramin bututu ke nan), kuma rubutun jikinta ya nuna ƙirar Beljiyam ce. Matarsa, wadda nake kira Mama, tana so a sayar, kuma ni ta fara yi wa magana domin ta san ina farauta, ina da lasisi. Babban ɗanta ya duba intanet ya ga irinta da tsada, ya sa mata kuɗin da ya kai albashina na wata uku. Na duba ta: katakon gaba ya ɗan tsage, an sa mata roba a gindi, kuma ta yi shekaru a cikin jaka ba a harba ta ba. Ina jin kunyar tayawa ƙasa, kada a ce ina so in ci dukiyar magada. Ina kuma tsoron biyan abin da ba ta kai ba. Maiɗakina ma ba ta so, saboda yara. Yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan marigayi, ya ba Mama da 'ya'yanta haƙuri.

Abu uku ka ƙulle a cikin farashi guda: kuɗin da bindigar ta kai a kasuwa, ƙaunar mutanen da take tuna maka, da son ka taimaki Mama ba tare da ta ji kamar sadaka aka ba ta ba. Muddin suna ƙulle tare, duk abin da ka biya sai ya dame ka. In ka biya da yawa, ranar da mai gyara ya miƙo maka lissafi za ka ji an cuce ka, alhali babu wanda ya yi niyyar cutarka. In ka rage, za ka riƙa sunkuyar da kai duk ranar da ka je gaishe ta. Shawarata ka kwance ƙullin. A nemo ainihin darajar bindigar ta hanyar da kowa zai gani da idonsa, ka biya wannan da sunan ciniki. In kana da abin ƙarawa saboda zumunci, ka kai wa Mama a wata rana daban, da sunan kyauta.

Kafin a zo maganar kuɗi akwai abu biyu da in ba su daidaita ba, sauran duk ɓata baki ne. Na farko doka. Ba lallai ne lasisin da kake da shi ya haɗa da wannan bindigar ba, domin ƙasashe da yawa suna bambanta mai baki ɗaya ko biyu da wadda ke ɗura wa kanta harsashi. A Birtaniya, tun dokar 1988, mai lasisin bindigar farauta na yau da kullum ba zai riƙe irin wannan ba sai an taƙaita ma'ajiyar harsashinta ta koma ɗaukar harsashi biyu kacal. Ostireliya ta tsananta a kan irinta bayan 1996. A Amurka mai farautar agwagin daji da sauran tsuntsaye masu ƙaura dole ya toshe ma'ajiyar yadda bindigar ba za ta ɗauki fiye da uku gaba ɗaya ba. Ita kuwa wannan huɗu take ɗauka a ma'ajiya, ɗaya a ciki, shi ya sa aka sa mata suna Auto-5. Don haka ka koma hukumar da ta ba ka lasisi, ka tambayi yadda ake mayar da bindigar mamaci zuwa sunan wani. Ka nemi takardun marigayi, ka gwada lambar da ke kansu da lambar da ke jikin bindigar. In babu takarda, ko an goge lambar, kada bindigar ta kwana a gidanka ko da kyauta aka ba ka. Na biyu gado. Bindigar ta zama dukiyar magada, ba ta Mama kaɗai ba, ba kuma ta babban ɗanta ba. Ka tabbata duk mai haƙƙi ya san ana sayarwa kuma ya yarda.

Yanzu ga bindigar kanta. Abin da ɗan Mama ya ɗauka shi ne abin da yawancin mutane ke ɗauka, wato tsohon abu mai suna dole ya yi tsada. Gaskiya tana da suna, kuma ta cancanta. John Browning ya tsara ta a 1898, ita ce bindigar farauta mai ɗura kanta ta farko da ta karɓu a duniya. Ya kai wa kamfanin Winchester, suka kasa daidaitawa domin shi kaso yake so a kan kowace bindiga da aka sayar. Ya nufi Remington, sai shugaban kamfanin, Marcellus Hartley, ya rasu a farkon 1902 kafin su gana. Daga nan ya tsallaka Beljiyam wurin kamfanin FN da ke Herstal, suka fara ƙera ta. Amma dubi abin da ya biyo baya: an ci gaba da ƙera ta har 1998, an yi fiye da miliyan biyu da rabi. Remington ma daga baya sun sami izini suka fitar da tasu mai suna Model 11 tun daga 1905, suka ƙera dubu ɗari takwas da wani abu, Savage suka yi tasu Model 720. Abin da aka yi da yawa haka, kuma mai ƙarko, ba ya ƙaranci. Geji 12 na gama-gari, wadda ta sha daji, ita ce mafi yawa a kasuwa, kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi a cikin danginta.

Ina kyautata zaton wata 'yar'uwarta ɗan Mama ya gani. Masu tara bindigogi suna ɗokin Sweet Sixteen, wato marar nauyi mai geji 16 da ta fito a ƙarshen shekarun 1930, da masu geji 20, domin ba a yi su da yawa kamar geji 12 ba. A cikin geji 12 ɗin ma akwai bambanci: Light Twelve marar nauyi ta fi ta gama-gari kuɗi, akwai kuma Magnum mai cin harsashin inci 3 da ta fito a 1958. Wadda ke da layin saiti mai ramuka a saman bututu ta fi marar layi. Ƙirar Beljiyam ta fi wadda kamfanin Miroku na Japan ya riƙa yi daga tsakiyar shekarun 1970 daraja a idon masu tarawa, ko da yake a wajen aiki ta Japan ba ta gaza ta da komai ba. Akwai ma waɗanda Remington suka ƙera wa Browning a Amurka lokacin da Jamus ta mamaye Beljiyam a 1940. Sai kuma sabuwar A5 da Browning suka fitar a 2012, wadda suna da doro kawai suka haɗa ta da tsohuwar, cikinta daban ne gaba ɗaya. Duk waɗannan in ka rubuta sunan a intanet tare za su fito, kuma ido kan fi tsayawa a kan babban adadi. Ka kuma lura, kuɗin da mai kaya ya rubuta daban, kuɗin da aka sallama daban. Bindiga takan shekara a shafin talla da farashin da ba wanda ya taya. Abin da za a duba shi ne sakamakon gwanjo da aka riga aka kammala, na bindigogi masu geji ɗaya da wannan, zamani ɗaya, hali ɗaya.

Hali kuwa shi ne kusan komai. Masu tarawa ba kyau suke saye ba, asali suke saye, wato nawa ne ya rage na rinin ƙarfe da fentin katakon da ta baro masana'anta da su. Littafin farashi da ake yawan amfani da shi a Amurka, Blue Book of Gun Values, da kashi cikin ɗari yake auna wannan, kuma tsakanin mai kashi 98 da mai kashi 70 akwai rata babba. Bindigar da rininta ya koɗe a gefuna saboda riƙo, amma ba a taɓa ta ba, takan fi wadda aka sake rinawa tana ƙyalli daraja. Ana gane wadda aka sake wa rini. Kafin a rina sai an goge ƙarfen da inji, gugar kuwa tana cinye kaifin haruffa da zanen da ke jiki, su zama kamar sun narke, bakin ramukan sukuru ya lotsa, wani lokaci launin ya ja zuwa shunayya maimakon baƙi mai shuɗi-shuɗi. Ka dubi kawunan sukurorin da kyau. Tsagar sukurorin Auto-5 siririya ce ƙwarai, sukundireba na gida ba ya shiga daidai, don haka duk wanda ya buɗe ta ba da kayan aikin da suka dace ba sai ya bar tabo. Sukurori masu tsabta alama ce ko dai ba a taɓa buɗe ta ba, ko gwani ne ya buɗe. Robar da ka gani a gindi ita ma tana da magana. Yawancin masu cin harsashi na yau da kullum da faranti mai tauri suka fito, na ƙaho a tsofaffi, na roba mai ƙarfi daga baya. Mai sa roba mai laushi yakan yanke katakon don tsawon ya daidaita, abin da aka yanke kuwa ba ya dawowa. Ga mai farauta wannan ba aibi ba ne in tsawon ya yi wa hannunsa daidai, amma ya riga ya fitar da ita daga sahun bindigogin ajiya. Haka in ka ga an ɗaura mata wani kumburarren ƙarfe a baki, irin Poly-Choke ko Cutts da aka yi yayi a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, yana aiki, amma yana rage kuɗi.

Ranar da za ka koma dubawa, kafin komai ka tabbata babu harsashi, kuma a wannan bindigar akwai tarko. A gefen hagu, gaba kaɗan, akwai ɗan maɓalli da ke tsare harsasan da ke ma'ajiya. In an juya shi, za ka ja sakata baya ka ga ciki wayam, alhali harsasai suna kwance a ma'ajiya, da an mayar da maɓallin ɗaya zai faɗo ya shige. Ka leƙa ciki, ka kifa ta ka leƙa bakin ma'ajiyar, ka taɓa da yatsa, bakin bindiga yana kallon inda ba kowa. Bindigar da mai ita ya rasu ba wanda zai iya rantsuwa a kan yadda ya bar ta.

Tsagar katakon gaba da ta tayar maka da hankali ita ce ta fi ba ni labari, domin tana nuna yadda aka riƙe bindigar. Sai ka san yadda take aiki za ka gane. Bindigogi irin Remington 1100, da ta fito a 1963, da iskar albarushi suke tura sakata baya, bututu yana tsaye. Auto-5 ba haka take ba. In ka harba, bututun gaba ɗaya da sakata a kulle suke ja da baya tare, kusan tsawon harsashi, sannan babban sifirin da ke naɗe a kan ma'ajiya ya dawo da bututun gaba, kwanso ya fita, sakata ta biyo da sabon harsashi. Ƙarfe mai nauyi yana kai da komowa haka a cikin ƙiftawar ido, dole a sami abin da zai rage masa gudu. Birkin shi ne zoben tagulla mai tsaga da ke kan ma'ajiya, da wani siririn zoben ƙarfe mai gefe ɗaya a karkace. In za a harba harsashi mai ƙarfi, ana sa zoben ƙarfen tsakanin sifirin da tagullar, gefensa mai karkata yana kallon tagullar, sai ya matse ta ta kama ma'ajiyar sosai. In harsashi marar ƙarfi ne, ana mayar da zoben can bayan sifirin, birkin ya sassauta. A kowane hali gefensa mai faɗi ne yake jingina da sifirin. Mutane da yawa sun gaji wannan bindiga ba su gaji wannan ilimin ba. Sai su bar ta a kan saitin marar ƙarfi suna harba mai ƙarfi, ko su cika ma'ajiyar da mai har birkin ya daina kamawa, ko tagullar ta cinye, ko ma ta ɓata. Daga nan bindigar takan doki kafaɗa fiye da kima, bututu ya riƙa dukan katakon gaba har ya tsage, ƙarafan ciki su riƙa cin junansu. Sakin murfin ma'ajiya ba a ɗaure shi tam ba ma yana kawo tsagar.

Don haka ka kwance murfin, ka zare katakon da bututun, ka ga ko zobban biyu suna nan kuma yaya aka jera su. Kada ka saki sakata ta ruga gaba alhali an cire bututu, domin mariƙinta zai doki jikin bindigar ya bar lotsa. In ka tarar da irin wannan lotsar a gaban ƙofar fitar kwanso, wani ya riga ya yi. Siririyar tsaga a katako ana iya like ta ta daɗe, kuma sifirin da zobba ba su da tsada, ana samun su har yanzu. Abin tsoro shi ne tsaga a ƙarfen jiki ko a sassan sakata. Ka dubi inda katakon gindi ya haɗu da ƙarfe: in ya yi baƙi ya yi laushi, mai ne ya jiƙa shi shekara da shekaru, kuma nan ma yakan tsage.

Bututu kuwa maganar lafiyar idonka da hannunka ce, kuma shekarun da ta yi a jaka sun fi damuna fiye da tsagar. Jaka mai laushi tana riƙe danshi. Ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa ta baya. Ƙura da tsohon mai suna fita da guga, amma ramukan tsatsa ba sa fita. Ka bi bayansa da yatsu a hankali daga farko har baki, yatsa yakan ji lotsa ko kumburi kafin ido ya gani. Kumburi kamar zobe yana nufin an taɓa harbawa da wani abu a toshe a ciki, ko an harba ƙwayoyin da suka fi ƙarfin bakin. Irin wannan bututun ba a harba shi sai gwani ya auna kaurinsa.

Akwai tambura a kan bututun da za su gaya maka abubuwa da yawa. Haruffan ELG cikin da'ira mai kambi tambarin gidan gwajin bindigogi ne na Liège da ke Beljiyam, hoton zaki da haruffan PV kuma yana nuna an gwada ta da albarushi marar hayaƙi. Ka nemi adadi kamar 12-70, wato geji 12, mazaunin harsashi milimita 70, wanda shi ne inci biyu da uku bisa huɗu na harsasan yau. In ka ga 65, mazaunin gajere ne. An fi samun haka a tsofaffin geji 16 na kafin yaƙin duniya na biyu, amma ka duba dai. Harsashin zamani zai shiga gajeren mazauni lafiya lau, domin tsawon da ake faɗa na kwanson da ya riga ya buɗe ne, sai an harba ne matsin ya ƙaru, kwanson kuma ya maƙale a ƙofa. Gyaran wannan a Auto-5 ya wuce faɗaɗa rami kawai, sai an taɓa ƙofar da abin fitar da kwanso, aiki ne mai kuɗi. Taurarin da ke jikin bututun kuma matsewar baki suke nunawa: tauraro ɗaya matsattse sosai, biyu matsakaici, uku a buɗe. Ka sa a auna bakin. In tambari ya ce tauraro ɗaya amma awo ya nuna a buɗe yake, an yanke bututun ko an faɗaɗa shi, kuma wannan ragi ne. A tsofaffin ƙirar Beljiyam ana buga lambar bindiga a bututu ma, sai ka ga ko ta yi daidai da ta jiki.

Wani abu kuma da zai iya sauya maka lissafi gaba ɗaya shi ne irin ƙwayoyin da za ka harba. An ƙera waɗannan bututun ne don ƙwayar dalma, wadda take da laushi, tana matsuwa in ta zo baki. Ƙwayar baƙin ƙarfe ba ta matsuwa, kuma kamfanin Browning da kansa yana hana harba ta a tsofaffin bututun Beljiyam masu kafaffen baki. Amurka ta haramta dalma a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991, wasu ƙasashen ma sun bi. In dokar inda kake farauta haka take, to ko dai ka sayi harsashin bismut (wani ƙarfe mai laushi) mai tsada, ko ka nemi wani bututun. Ka sa wannan a cikin lissafi tun yanzu.

Duk wannan dubawar taka ta share fage ce. Kada ka yi cinikin biri a sama, kuma kada ka zama kai ne mai saye kai ne mai ƙiyasi, domin ko gaskiya ka faɗa za a ji ta da wani kunne. Ka je wurin Mama da babban ɗanta ka ce musu kana son bindigar ƙwarai, ba ka so ka rage musu ko kaɗan, ba ka kuma san darajarta ba, don haka kana roƙon a kai ta wurin mai gyaran bindiga mai lasisi wanda ba naka ba, ba nasu ba, kai za ka biya kuɗin dubawa. Ka bar ɗan ya zaɓi mutumin in yana so, ku tafi tare ta hanyar da doka ta yarda a ɗauki bindigar. Ka roƙi mai gyaran ya rubuta shekarar ƙira daga lambar, da irin samfurin, da abin da aka canza, da abin da sai an gyara kafin a harba da kuɗinsa, ya kuma gwada harba ta in ya ga lafiya. Ka tambaye shi farashi biyu: nawa shi zai saya, nawa zai sayar. Na farko kullum ya fi ƙasa domin yana neman riba, kuma shi ne abin da magada za su samu in suka kai kasuwa da gaggawa. Adalci yana wajen na biyu, bayan an cire kuɗin gyaran dole. In ka biya haka, ka ba su fiye da abin da ɗan kasuwa zai ba su, takarda kuma tana hannun kowa. Ɗan Mama ba zai ji an ƙaryata shi ba, domin shi ma a gabansa aka auna.

Zai yiwu kuma awon ya zo da akasin zatona, a ce wata samfur ce mai wuya, ta fi abin da aka sa mata. In haka ta faru, ka gaya musu, ko da ta fi ƙarfin aljihunka. Ranar biya a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar bindigar da sa hannun magada da shaidu, kuma kada bindigar ta koma hannunka sai takardun hukuma sun fito da sunanka.

Maganar maiɗakinka ba ƙaramar magana ba ce, kada ka ɗauke ta a matsayin cikas. Tana da gaskiya, yara suna gano duk maɓoya, saman kabad da ƙarƙashin gado ba ajiya ba ne. Tunda kana farauta, mai yiwuwa akwai wata bindigar a gidan, kuma ƙin da take yi wa wannan yana iya zama damuwarta ce a kan ta farkon da ba ta taɓa faɗa ba. Ka tambaye ta. Ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli, a kafe shi a bango, kafin bindigar ta iso. Harsashi a kulle shi a wani wuri daban, makulli yana jikinka. Auto-5 tana da sauƙin rabawa biyu, kana iya ajiye bututu daban da jiki. Kuɗin akwatin yana cikin kuɗin bindigar, haka ma albashin wata uku ba naka kaɗai ba ne in akwai iyali. Ka nuna mata takardar mai gyara da adadin da za ka biya kafin ka ba Mama amsa.

In awo ya nuna bututun ya lalace ko ƙarfen jiki ya tsage, kuma har yanzu ranka yana kanta saboda Baba da amininsa, babu laifi ka saye ta a kan kuɗin da ya dace da halinta, ka ajiye ba don harbi ba. Sai dai ka sani a wurare da yawa doka bindiga take ɗaukarta ko ba ta aiki, sai in hukuma ce ta tabbatar an kashe ta. In kuma lafiyarta ƙalau, ka sa a canza sifirin da zoben tagulla kafin fitarka ta farko, a wanke tsohon man da ya daskare a ciki. Ka fara da saitin harsashi mai ƙarfi, da ɗan shafin mai kaɗan a kan ma'ajiya. Sai in ta ƙi fitar da kwanso ne za ka mayar da zoben baya.